Ranar da Na Kara da Injin Loda Harsashi

Autana soja ne, kuma ba sojan gadin ƙofa ba. A cikin tankar yaƙi yake aiki, motar ƙarfen nan mai tafiya a kan sarƙa, mai doguwar igwa a goshi. Mutum huɗu ne a cikinta. Akwai direba, akwai mai harbi, akwai babbansu da ke leƙe ta sama yana ba da umarni, sai na huɗu, mai loda, wanda ke sungumar harsashi mai nauyin yaron da ya isa makaranta ya cusa shi a gindin igwa. Wannan na huɗun shi ne ɗana. Duk unguwarmu an san haka, domin ni na faɗa, kuma ba sau ɗaya na faɗa ba. Ko gishiri na je saye sai na tuna wa Mai Shago cewa in ba hannun Auta, sauran ukun yawon shan iska kawai suke yi.

Da ya zo hutu, wata safiya yana shan shayi a tsakar gida shi da Makanike, ƙanin marigayi mijina, wanda garejinsa ke manne da katangarmu. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa, sai na ji Auta ya ce, "Baffa, ai yanzu akwai tankokin da mutum uku ne kawai a ciki. Inji ke loda musu."

Na ajiye faranti. "Maimaita."

"Inji, Inna. Harsasai na jere a kan wani faifan ƙarfe mai juyawa a ƙasa, hannun ƙarfe ya ɗauko ya tura. A bariki ana ta hirar za a kawo irinsu."

"To na huɗun fa?"

"Sai a nema masa wani wurin. Ko sito, ko kicin."

Kicin! Nan take fuskar Mai Kitso, maƙwabciyata, ta bayyana a idona. Matar da tun ranar da ɗanta ya samu aikin tuƙa motar shara take jiran ranar da za ta ga bayana.

Makanike ya kurɓi shayi ya ce, "Ai gaskiya ce, Yaya. Inji ba ya gajiya, ba ya gumi, ba ya neman hutu ya je ganin tsohuwarsa."

"Inji yana gadi in sauran sun kwanta? In sarƙa ta tsinke, inji zai fito ya kama guduma? In ya shaƙe a tsakiyar yaƙi, wa za a kira, kai?"

"Ni kuwa! Abin da ko yau zan iya ƙera shi. A ba ni injin wanki da sarƙar keke, a ga aiki."

"Kai da fankar ɗakina ta shiga garejinka da fiffike uku ta fito da biyu?"

"Iska ta ragu?"

Auta ya so ya kashe maganar, sai ya ce Saje, babbansu na cikin tanka, zai biyo ta garinmu a ƙarshen hutu ya gaishe ni su koma tare. Jin haka dabara ta faɗo mini cikakkiya, da kai da ƙafa. Makanike ya ƙera injinsa, a kafa bututu biyu a ƙofar gareji, inji ya loda ɗaya, Auta ya loda ɗaya, a gaban Saje da jama'ar unguwa. In Saje ya gani da idonsa, zai koma ya gaya wa manya su bar injinsu a inda suka gan shi.

"Inna, Saje ba shi ke sayen tanka ba."

"Yana da ido? Yana da baki? To ya isa. Kuma tunda ka zo gidan nan ci kake kana kwanciya, dubi wuyanka. Daga gobe za mu fara."

Na aro bulo daga inda ake gini a bayan layinmu. Tagar kicin ta zama gindin igwa. Auta ya ɗauko bulo ya tura ta taga, matarsa ta karɓa ta jere. Ni kuma na zauna a kan kujera da sandar tsintsiya ina duba aiki. Shi ya koya mini ƙa'idojin aikin guda uku. Na farko, da dunƙulallen hannu ake tura harsashi, don kada ƙofar igwa ta rufe ta tafi da yatsu. Na biyu, kana turawa ka kauce gefe, domin in an harba, igwa tana yin baya kamar harbin jaki. Na uku, sai ka kauce sannan ka yi ihu "An shirya!" don mai harbi ya ja. Kafin azahar na haddace su, kafin la'asar ni ke yi masa gyara.

"Dunƙule hannun nan!"

"Inna, ni fa na gaya miki."

"Kuma ni na haife ka. Dunƙule!"

Makanike ya leƙo ta kan katanga, hannunsa duk baƙin mai. "Yaya, wannan ai wasa kuke. A tsakar gida iska na kaɗawa? Cikin tanka matsatsi ne, ga zafi kamar tanda. Inji bai san zafi ba."

Washegari na mai da horon ɗakin gawayi, inda mutum ba ya iya miƙewa sosai, na ja ƙofa na rufe. Auta ya fito haƙora kawai ake gani. Matarsa ta durƙusa a gabana ta ce, "Inna, don Allah, hutu fa ya zo yi."

"Ke, in an mai da mijinki kicin, ke za ki riƙa amsa gaisuwar Mai Kitso?"

Ta tashi ta tafi ɗebo masa ruwan wanka.

A can gareji kuwa ƙara ba ta tsaya ba. Makanike ya kwance injin wankin matarsa ba tare da ya gaya mata ba, ya cire sarƙar keken hawa na Tela, maƙwabcinmu, da sunan zai sa mata mai. Gwajin farko, hannun ƙarfen ya finciko butar alwalarsa ya wurga ta gidan Mai Kitso. Ta fito da ita a hannu.

"Innar Soja, an fara yaƙin ne ba ku sanar da maƙwabta ba?"

"In an fara ba sai an gaya miki ba."

Na yi dariyar injin har da hawaye. Da na san abin da ke gabana da na rage.

Ana gobe Saje zai zo, Makanike ya sake leƙowa. "Yaya, abu ɗaya kika manta. Tanka ba a tsaye take yaƙi ba. Tana gudu, tana faɗa wa rami, tana hawa tudu. Mutum yana tangaɗi, inji ko a jikinsa."

Auta ya ce, "Baffa, don Allah ka sauka daga katangar nan."

Amma magana ta riga ta shiga kunnena. Na sa aka kwantar da tsohuwar gangar ruwa, aka ɗora mata ƙyauren ƙofa. Auta ya hau tsakiya da bulo a hannu. Na kama gefe ɗaya, na sa matarsa ta kama ɗayan.

"Inna, wannan ba ya cikin horon soja."

"Shi ya sa inji ke neman cinye ku. Ke, girgiza!"

Ta girgiza a hankali, irin girgizar mai lallashin jariri. Na ce wannan ba rami ba ne, na nuna mata yadda rami yake. Ganga ta mirgina, ƙyaure ya tafi gabas, Auta ya juya da bulo don kada ya faɗo a ƙafata, sai na ji wani abu ya ce ƙas. Na duba bulon, lafiyarsa ƙalau. Ƙarar daga bayan ɗana ta fito.

Muka kai shi ɗaki a sunkuye kamar mai neman allura. Na gasa masa da ruwan zafi, na shafa man zafi, na ja ƙafa, na danna. Da gari ya waye in ya zauna shiru kamar ba komai, amma in ya yunƙura sai ya kira sunan Allah.

Matarsa ta ce, "Inna, a fasa mana."

Fasa? Bayan na bi gida gida na gayyaci mutane? Bayan Mai Kitso ta ce za ta zo da kujerarta? Na zauna na yi tunani, sai na ga ashe abin ma gyaruwa ya yi.

"Ni zan loda."

"Inna!"

"In tsohuwar da ta haife shi ta kayar da inji, me Saje zai ce game da ɗan? Kai kuma za a ɗora ka a kujera, ka harɗe hannu, ka ce kai ne alƙali. Kada ka motsa, kada ka yi tari. Wanda duk ya gaya wa Saje zancen bayan nan, ni da shi ne."

A ƙofar gareji Makanike ya kafa manyan bututun ruwa biyu, kowanne a kan ƙafafun baro. Don abin ya yi kama da gaske, ya ɗaure kowane bututu da robar taya mai kauri, ya janyo shi gaba ya maƙale da ƙugiya. In an ja igiya, ƙugiya ta saki, bututu ya zabura baya da ƙarfi, samari su sake tura shi gaba. Harsashi kuwa kankana ce, irin doguwar nan, wadda mai sayar da ita ya ce mu kwashe domin ta kwana biyu a rana. Tela ne mai harbina, igiya a hannunsa.

Muka gwada kafin mutane su taru. Na tura, na kauce, na ce "An shirya!" Tela ya tsaya yana leƙena.

"Me kake kallo?"

"Inna, ina dubawa ne ko kin kauce sosai."

"A yaƙi mai harbi yana da lokacin leƙe? Idonka a gaba! Da ka ji na ce an shirya, ka ja. Ko sama ta faɗo, ka ja. In ka sake waiwayowa sai na gaya wa duk unguwa wandon da ka ɗinka wa liman ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ba zan waiwayo ba, Inna."

Bayan la'asar layi ya cika. Mata a bakin ƙofofi, maza a kan benci, wasu har a kan katanga. Mai Kitso ta kafa kujerarta a sahun gaba. Saje ya iso, ɗan gajeren mutum mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya dubi Auta da ke zaune ƙiƙam a kujera bai tashi ya sara masa ba.

"Lafiya, Kofur?"

Na riga shi. "Alƙali ne yau, ɗana. Alƙali ba ya tashi."

Saje ya ce, "Inna, akwai maganar da na zo da ita."

"Ta jira. Zauna ka ga abin da za ka kai wa manya."

Makanike ya fito cikin babbar riga sabuwa fil, ya yi wa jama'a jawabi. Ya ce daga yau gumin ɗan Adam ya ƙare, ya ce in manya sun ga wannan injin da mota za a zo a ɗauke shi. Ya yaye buhun da ya rufa wa injin. Ga faifai mai juyawa cike da kankana, ga sarƙar keke, ga hannun ƙarfe da aka yi da shebur.

Tela ya ce, "Wannan ba sarƙata ba ce?"

Na ce, "Idonka a gaba!"

Ni kuma na ɗaure zanena tamau, na ci ɗamara da gyale, na tofa yawu a tafi. Mai Shago ya buga murfin tukunya, aka fara.

Makanike ya danna maɓalli, wuta ta ɗauke.

Jama'a suka kwashe da dariya. Yana can yana fama da igiyar janareta, ni kuwa na sunkuci kankana ta farko. Na tura, na kauce, "An shirya!" Bututu ya yi baya fuu, ya wuce ta gefena. Aka yi tafi. Na sake. Na kuma sakewa. Na dubi Saje, na ga ya buɗe baki. Na ce a raina, kalli da kyau, wannan nonon ɗana ya sha.

Janareta ya tashi, inji ya yi gurnani. Faifai ya juya, shebur ya ɗauki kankana, ya ɗaga ta a hankali kamar mai miƙa kyauta, sannan ya wurga ta baya ta kan Makanike. Ta sauka a kan rumfar Mai Shago ta fashe.

"Gwaji ne!" in ji Makanike. "Waya ce na juya!"

Numfashina ya fara sama-sama, gwiwa ta fara magana, amma ban nuna ba. Na ɗauko wata kankana mai laushi, na saita ta a bakin bututu, na tuna ƙa'ida, na dunƙule hannu na kai mata naushi da duk ƙarfina. Hannuna ya shige cikinta har wuyan hannu. Na ja, ta biyo ni. Na yarfa, ta ƙi fita. Ruwa ja yana bin gwiwar hannuna, wari kuwa ba a magana.

Mai Kitso ta ce, "Innar Soja, harsashin ne ya kama ki, ko ke kika kama shi?"

"Ki bari na gama da inji, ke ce ta gaba."

Na taka kankanar da ƙafa na zare hannuna. Kafin nan inji ya gyaru, ya tura guda ɗaya daidai cikin bututu. Makanike ya yi tsalle, ya juya ga jama'a, ya ware hannuwa, babbar riga ta baje kamar fiffiken jemage. "Kun gani? Kun gani? Ba gumi, ba haki!"

Sarƙar keke ta kama gefen rigar.

Da farko bai ji ba, yana ta jawabi. Sai muka ga yana matsawa baya da kaɗan-kaɗan. Faifai ya naɗe hannun riga, shebur ya tattara sauran, ya dunƙule ta da kyau ya cusa a bututu. Makanike ya durƙusa ya sulale ta ƙasa, ya bar wa inji riga. Ya miƙe daga shi sai singileti mai huji a ciki, hula a karkace. Inji bai haƙura ba, shebur ya dawo ya ɗauki hular.

Ni a lokacin na riga na tura tawa kankanar. Dariya ta kama ni har na riƙe ƙugu. Na juya wa bututuna baya don in ga fuskar Mai Kitso, in ga ta Saje, in ga ta kowa. Na ɗaga hannuna mai jan ruwa sama na ce, "Jama'a, ku zama shaida! Nasa tufafi yake lodawa, nawa kuwa tuni an shirya!"

Tela mutum ne mai cika alkawari. Bai waiwayo ba.

Ban san tsohuwa tana iya tashi sama ba sai ranar. Bututu ya same ni daidai wurin zama. Na ga rufin gareji, na ga sararin sama, na ga takalmina ɗaya ya wuce ni, sannan na sauka zaune a cikin bahon da Makanike ke tara baƙin mai. Ƙafafu a sama, kallabi a ido.

"Inna!" Auta ya manta da umarnina, ya zabura zai taso. Ya kai rabi, ya ƙwalla ƙara, ya tsaya a lanƙwashe kamar ƙugiya, ba gaba ba baya.

Wuri ya yi tsit, in ban da inji da ke ta tauna riga.

Mata suka ciro ni. Saje bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka, sai dai na ga yana cizon leɓe. Ya taɓa bayan Auta, Auta ya sake kiran sunan Allah.

"Kofur, me ya sami bayanka?"

Auta ya dube ni. Matarsa ta dubi ƙasa. Makanike, da ya rufe ƙirji da hannu biyu, ya ce, "Ganga ce da ƙyauren ƙofa, ranka ya daɗe."

Na share mai daga fuskata na ce, "Horo ne. Don kada ku ba inji aikinsa."

"Wane inji, Inna?"

"Wanda za a kawo muku."

Saje ya sosa ƙeya. "Inna, ai hirar bariki ce. Wasu ƙasashe suna son na inji, wasu suna son na mutum, har gobe ana gardama a kai. Irin tankarmu ba a ƙera ta da wurin inji ba. Don mutum huɗu aka yi ta, haka kuma za ta tsufa." Ya dubi Auta, sannan ya dube ni. "Maganar da na zo da ita, an zaɓi tankarmu ta je gasar harbi, saboda duk barikin babu mai saurin hannun ɗanki. Na so in faɗa a gabanki."

Na ce, "To alhamdu lillahi! Ku tafi mana."

"Da wannan bayan? Likita ba zai bar shi ya ɗaga ko buta ba. Sai dai mu ɗauki wani, shi kuma a sa shi wuri mai sauƙi har ya warke."

Ban so in tambaya ba, amma bakina ya riga ni. "Ina?"

"Kicin suna neman mutum."

Mai Kitso ta tashi, ta naɗe kujerarta a hankali, ta zo har gabana ta rusuna. "Sannu, Innar Kuku. Allah ya ƙara sauƙi."

Na wuce gida mai yana ɗiga a bayana, takalmi ɗaya a ƙafa.

Makanike bai sake leƙo katangata ba, domin matarsa ta sa shi wanki da hannu har ya mai da mata injinta. Tela yana zuwa shago a ƙasa. Auta kuwa in ya bugo waya muryarsa har wani daɗi take yi. Wai baya yana sauƙi, wai yanzu shi ke raba nama, wai har Saje lallaɓa shi yake yi. Na ce ya yi maza ya warke ya koma bakin igwarsa, ya ce likita ya ce kada a yi gaggawa. Ban yarda da likitan nan ba.

Da na samu na fara fita, na je sayen gishiri. Mai Shago ya turo mini benci, na ce na gode, tsayuwa ta fi mini. Yana auna gishiri yana kallon rumfarsa da ta lotsa, yana murmushi.

"Inna, yanzu kuma in ba hannun Auta fa?"

Na karɓi gishirina na ƙulle a bakin zane.

"In ba hannun Auta," na ce, "duk barikin da yunwa za su kwana. Ka taɓa ganin injin da ya san gishiri ya ji?"